Ruwa Ya Riga Baba Dawowa

A unguwar Harobanda, a hayin kogin Isa cikin birnin Yamai, an yi wata yarinya mai shekara tara. Ba ta da rashin ji sosai. Matsalarta guda ce, ba ta iya jira ba. Ko tuwo aka sauke daga wuta, sai ta ƙona yatsa.

Babanta Iliya direban babbar mota ne. Mamarta Dabora tana aikin jinya a asibiti. Mutanen Dogon Dutsi ne, aiki ya kawo su Yamai. Sunan kakarta ta wajen uba aka sa wa yarinyar, shi ya sa babanta ba ya kiran sunan. Uwata yake ce mata.

A bangon ɗakinsu akwai wani babban gora rataye a jikin ƙusa. Baba ne ya kawo shi daga gida, musamman dominta. Da irinsa ya koyi iyo a tafkin garinsu yana yaro. Ana toshe bakin, a rungume shi, sai ya ɗauki mutum a kan ruwa.

"Baba, yaushe za ka koya mini?" in ji yarinyar.

"In ruwa ya dawo, Uwata. Ni da ke da goran ga."

Shekarar fari ce. Ruwan sama ya ƙi zuwa, gero ya ƙone a gona. Sojojin da ke mulkin ƙasa suka tara manyan motoci don kai hatsi arewa, inda yunwa ta fi tsanani. Motar Baba tana ciki.

Ranar tafiya ya dafa kanta ya ce, "Wata guda ne. Ki yi wa mamarki biyayya."

Wata guda ya wuce. Na biyu ya bi shi, na uku ma haka. Wani lokaci takarda takan zo daga Baba ta hannun wani direba. Mama ta karanta, ta ninke, ta sa ƙarƙashin matashi.

Kogin kuwa sai janyewa yake yi. Har aka wayi gari ya daina gudu. Mutane suka riƙa ƙetare shi da ƙafa a ƙarƙashin gada. Aka haƙa ramuka a cikin yashi ana neman ruwa. Akwai wani babban rami kusa da wani baƙin dutse, zurfinsa ya fi tsayin Baba. Nan yarinyar da Mama suke bin layi da bokiti.

Kullum in an tashi daga lakwal, wato makaranta, yarinyar takan tsaya a bakin gada. Tana duba motocin da ke shigowa. Motar Baba shuɗiya ce. In ta hango shuɗi daga nesa, sai ta ƙura mata ido. In motar ta matso, sai ta ga wani ne a ciki. Har sojan da ke tsaron gadar ya gane ta.

"Yau ma bai zo ba?" yakan ce.

Takan girgiza kai ta koma gida. Tana kewar babanta ƙwarai. Tana kewar tarinsa na safe, da warin man mota a rigarsa.

Ana gab da hutun ƙarshen shekara, aka yi ruwan sama can nesa. Kwana kaɗan sai ga ruwa ja ya biyo yashi. Unguwa ta cika da murna. Mata suka yi guɗa, yara suka yi ta gudu a bakin kogi.

Washegari malamar ajinsu, Madam Lidiya, ta ajiye alli ta ce, "Yara, ku saurara da kyau. Ramukan da muka gina suna nan, ba su tafi ko'ina ba. Ruwa ne ya rufe su. Ruwan ja ne, ido ba ya ganin ƙasa. Kada kowa ya shiga sai tare da babba wanda ya iya iyo. Kun ji?"

"Mun ji, Madam."

Yarinyar ma ta amsa da baki. Amma idonta yana taga, hankalinta yana bakin gada.

Da yamma ta samu Mama tana tsince shinkafa.

"Mama, ruwa ya dawo."

"Na gani, ɗiyata."

"Baba ya ce in ruwa ya dawo."

Mama ta ajiye faifai. "Bai mance ba. Can inda yake, akwai yara kamarki da ba su ci komi ba tun jiya. Shi ke kai musu. Ki ƙara haƙuri."

"Ruwa ya cika alkawari, shi bai cika ba," in ji yarinyar. Ta shige ɗaki tana share ido.

Ranar Alhamis ba a zuwa lakwal. Mama ta tafi asibiti tun da safe. Yarinyar ta zauna tana kallon goran. Ta kalle shi, ta kalli ƙofa, ta sake kallonsa. A ranta ta ce, in na koya ni kaɗai, ran da Baba ya zo sai ya sha mamaki.

Ta jawo turmi ta hau, ta sauko da goran. Ta kaɗe ƙurar da ke jikinsa, ta danna toshiyar bakin. Abin da ba ta gani ba shi ne wata ƴar tsaga a gindinsa, siririya kamar gashi. Wata huɗu goran yana shan zafi a ƙarƙashin rufin kwano.

A bakin kogi masu wanki sun dawo aikinsu. Yarinyar ta ratse musu, don kada wani ya kore ta gida. Ta nufi wajen baƙin dutsen nan.

"Ai na san wurin ga," ta faɗa wa kanta. "Da ƙafa na bi shi sau ɗari."

Ta shiga. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Sanyinsa da daɗi. Ta rungume goran, ta ɗaga ƙafafunta. Sai ga ta a kan ruwa, tana lilo a hankali. Dariya ta kama ta.

"Baba, duba," ta ce. Sai ta tuna babu kowa.

Ba a jima ba goran ya fara nauyi. Ta ji ruwa yana shiga cikinsa, ƙul ƙul ƙul. Ta sauke ƙafa don ta tsaya. Babu ƙasa. Ruwa ya tura ta daidai kan ramin da suke ɗiban ruwa ita da Mama.

Ruwa ya shiga bakinta da hancinta. Ta so ta yi ihu, muryar ta ƙi fita.

Allah ya sa wani tsoho mai wanki, Alu, ya ga wucewarta. Yarinya ita kaɗai da gora, abin bai kwanta masa ba. Sai ya biyo ta da jiƙaƙƙen zane a kafaɗa. Ya hau kan dutsen, ya riƙe gefe guda, ya jefa mata ɗaya gefen.

"Saki goran, kama zane."

"Na Baba ne," ta ce, tana shan ruwa.

"Saki shi, yarinya!"

Ta saki. Ta kama zanen da hannu biyu. Alu ya jawo ta a hankali har kan dutse. Da ta waiwaya, sai ta ga wuyan goran ya leƙo sau ɗaya, ya nutse.

Alu ya kwantar da ita a gefenta har ta amayar da ruwan.

"Kin ga ni da girmana ban faɗa ramin ga ba," ya ce. "Da na faɗa kin riƙe mini wuya, da mu biyu za a nema yau."

Ya goya ta har asibitin da Mama ke aiki. Ruwan da ta sha ya ɓata mata ciki, aka mai da ta gida, ta yi kwana uku a kwance. Mama ba ta doke ta ba. Zama kawai ta yi a bakin gado, hawaye na zuba. Yarinyar ta ji da ma dukan aka yi mata, da ya fi sauƙi.

"Mama, ki yi haƙuri."

"Da me zan tari babanki, da Alu bai gan ki ba?" in ji Mama.

Yarinyar ta juya ta kalli bango. Ƙusar tana nan, babu komai a jikinta.

Bayan kwana goma, da la'asar, aka ji ƙarar babbar mota a bakin layi. Yaran unguwa suka ruga suna kiran sunan Baba. Ita kuwa da ta yi wata huɗu tana tsaye a bakin gada, sai ta ɓuya a bayan ƙofa.

Baba ya shigo. Ya rame, ya yi baƙi. Suka yi magana da Mama a tsakar gida, ƙasa ƙasa. Sannan ya leƙo ɗaki.

"Ina Uwata?"

Ta fito kanta a sunkuye. "Baba, na ɗauki goranka. Na shiga kogi ni kaɗai. Ya nutse."

Baba ya kalli ƙusar. Sannan ya durƙusa ya rungume ta. Ga warin man motar nan a rigarsa. Ta fashe da kuka.

"Kin yi kuskure babba," ya ce. "Ni ma na ce wata guda, na yi huɗu. Ki gafarce ni. Amma ki ji, Uwata. Gora ana samun wani a kasuwa. Ke fa, a wace kasuwa zan same ki?"

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, suka tafi bakin kogi. Da farko suka je wurin Alu. Baba ya kama hannunsa da hannu biyu, ya yi masa godiya. Alu ya ce, "Ba komi, ɗiyarmu ce duka." Shi ne ma ya nuna musu inda babu rami.

Baba ya shiga da doguwar sanda, yana soka ta a ƙasa kafin kowane taku. Sai da ya tabbata, sannan ya kira ta.

"Ba mu da gora," in ji yarinyar.

"Gora yana tsagewa. Jikinki za mu koya wa. Kwanta da baya, ki kalli sama."

Ta kwanta. Tafin hannunsa yana ƙarƙashin bayanta.

"Baba, kada ka cire hannunka."

"Ina nan."

Haka suka yi ta yi, yau da gobe, har sati uku. Ta so ta yi sauri, Baba ya ce a'a. Wannan karon ta jira. Wata rana tana kwance a kan ruwa tana kallon gajimare, sai ta ji Baba yana dariya. Ta karkato ido. Hannayensa biyu suna sama, yana nuna mata su. Shi kuwa yana tsaye a gefenta, ko taku ɗaya bai matsa ba.

Daga ranar ta gane abin da Madam Lidiya ta faɗa. Yaro ba ya shiga ruwa shi kaɗai, ko da gora, ko da ya san wurin. Sai ya jira babba wanda ya iya iyo, komai daɗewar jiran.

Kafin damina ta ƙare, yarinyar ta iya iyo. Da Baba ya sake tafiya arewa da hatsi, ta raka shi har bakin gada. Ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Kogi fa?"

"Sai ka dawo, Baba," ta ce. "Zan jira ka."