Hannun Hagu a Gindin Kuka

Ana gab da magariba Mwanaheri ta zaro hoto na ƙarshe daga akwatin marigayi babansu. Irin ƙananan hotunan nan ne masu launi, waɗanda sai an ɗaga su ga haske ake gani, kowanne cikin ɗan gidansa na kwali. Danshin tekun garinsu Lamu ya cinye rabinsu, shi ya sa ta yi wata guda tana kwafe ragowar cikin kwamfuta. Wannan na ƙarshen kuwa mahaifiyarsu ce, tsugune a gindin wata kuka da aka daɗe da sarewa, tana miƙa farantin alewa. Duk duniya babu wani hotonta sai shi. Don ɗoki, Mwanaheri ta jefa shi cikin na'urar ba tare da ta duba gaba da bayansa ba, ta kwafa, ta tura wa dangi kaf ta waya.

Ba a idar da salla ba dutse ya faɗo tsakar gida. Jakunan unguwa suka yi tsit. Wani dutsen ya sake faɗowa, a jiƙe, yana ƙarnin teku.

Kwana huɗu ana haka, kullum da faɗuwar rana. Yayanta Famau, wanda ko gaisuwa sai ya sa mata ƙaya, ya zo ya zazzage ta tas. Ya ce ta tona wa uwarsu asiri, ta nuna wa duniya tana kai wa kuka sadaka, kuma duk abin da ya biyo baya ita ta jawo. Ita ma ba ta raga masa ba, ta ce shi da ya bar akwatin shekara talatin yana ruɓewa ba shi da bakin magana. A rana ta biyar 'yarta Suwabra, budurwa mai fara'a, ta daina cin abinci da hannun dama. Ta koma lungu ta zauna, tana bin uwarta da kallon ƙiyayya. Tsoro ya kama Mwanaheri sosai.

Famau ne ya ɗauko Malam Kombo, wani tsoho mai ido ɗaya. Malamin ya kunna turare, ya daɗe yana karatu, har muryar wani ƙato ta fito daga bakin yarinyar.

"Shekara ashirin matar da ke cikin hoton nan tana miƙo mini sadaka da dama. Da aka sare gidana, cikin hoton na fake, ban taɓa kowa ba. Sai ga wannan marar kunya ta juya shi, ta mai da kyautar ta hannun hagu, ta rarraba wa mutane suna kallon wulaƙancina."

Mwanaheri ta ɗaga ɗan hoton ga fitila. Da dama uwarta take miƙawa. Ashe a kife ta sa shi cikin na'urar.

Malam ya ce kuskure ne, a juya a gyara. Aljanin ya yi wata muguwar dariya, ya ce abin da ido ya gani ba ya juyuwa. Malam ya tsananta karatu har aljanin ya yi kururuwa, amma ya rantse ko za a ƙone shi, da hankalin yarinyar zai tafi, sai fa in an goge kowane kwafi, an binne na asalin inda kukar take.

"Malam, shi ke nan gare ni," in ji Mwanaheri. "Ina 'yar shekara shida ta rasu."

"To zaɓi, 'yar nan," in ji tsohon. "Hoto ko 'ya."

Ta goge nata. Famau ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya suka goge nasu, bai ko dube ta ba. Kafin isha'i malam ya haƙa rami a bayan wani shago, inda kukar take a da, Mwanaheri da kanta ta sa hoton ta tura ƙasar. Da suka dawo suka tarar da Suwabra tana cin shinkafa da dama, tana tambayar me ya tara mutane.

Jifa ya tsaya. Famau bai sake taka gidan ba. Wata rana Suwabra ta ce wa uwarta ta kwatanta mata kamannin kakarta. Mwanaheri ta rufe ido, sai ga fuskar tar, kamar yadda ta kwana biyar tana kallonta a kwamfuta. Ta yi ta ƙoƙarin juya ta, ta kasa. Har yau da hagu uwarta take miƙa farantin.