Hannu Uku, Kulki Uku

Kai ma ka gan shi, kada ka ce ba ka gani ba. Ran kasuwar Karofane, can bakin rumfar masassaƙa, saurayin nan da ba ya amsa sallama. Ka san sanƙarau ne ya ɗauke masa ji yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ka san lakwal, wato makarantar boko, ta sallame shi a satin da ya koma, amma duk ranar da idonku ya haɗu sai ka kau da kai, ka ce Allah ya sauwaƙe. To zauna ka ji abin da kau da kai ya jawo wa Juwairiyya.

Taɓarya ta je saye. Ɗiyar Malam Rabo ce manomi, an ɗauke ta koyarwa a ƙaramar makarantar garin bai fi wata biyu ba. Ta zaɓi ɗaya, ta cilla ta sama irin yadda mata ke yi wajen lugude, ta tafa sau biyu, ta cafe. Tana juyowa ta ga mai rumfar ya tsura mata ido yana murmushi.

"Lafiya, malam?"

Ya nuna kunnensa, ya girgiza kai. Sannan ya zuge buhu ya fito da kulake uku da ya sassaƙa da icen dogon yaro, kowane kamar kwalba mai dogon wuya. Ya watsa su sama. Ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, ɗaya na juyi a tsakani, kuma babu wanda ya taɓa ƙasa. Ya bi da ɗaya ta ƙarƙashin ƙafa, ya tsai da ɗaya a kan haɓa. Juwairiyya ta manta da taɓaryar da ke hannunta.

Ya durƙusa ya rubuta da yatsa a kan rairayi: Zakariya'u. Ya bi da lambar waya. Ta kira ta nan take, lambarta ta shiga wayarsa.

Da la'asar saƙonsa ya shigo. "Madam mai tafi, sau biyu kika tafa. Mai iya wannan zai iya uku. A waya na koya, don kallo ba ya buƙatar kunne. In kina so in koya miki, gidanmu na bayan masallacin Juma'a, Inna Cima na nan."

Ta amsa: "In na fasa kai fa?"

"Sai in sassaƙa miki wani."

Haka aka fara. Ran Laraba da ran Asabar takan je tsakar gidansu, mahaifiyarsa Cima na zaune kan tabarma tana tsinkar zogale, ido ɗaya ga ƙwarya, ɗaya gare su. Kulki ɗaya ya fara ba ta: a jefa, ya juya sau ɗaya tak, a kama shi a wuya. Sati uku tana kan wannan. Wuyan hannunta ya yi tsami, farcenta ya tsage.

"Ke ɗiyar Rabo," in ji Cima, "in kin hwasa man randa, ke za ki zan ɗebo man ruwa da tahin hannu."

"Inna, ɗanki ne bai iya koyarwa ba."

"Gaya mai da kanki, shina kallon bakinki."

Ranar da ta riƙe uku har jifa goma, Zakariya'u ya tsaya gabanta, taki huɗu tsakaninsu, ya nuna za su riƙa jefa wa juna. Ta sunkuyar da kai don kunya, kulki ya same ta a kafaɗa. Ya ɗauko waya ya rubuta ya miƙa mata.

"Kada ki dubi hannunki, ya san aikinsa. In mu biyu ne, ni za ki duba. Ba na jin ƙirga. Idonki ne ƙirgata."

Tun daga ranar yake kiranta Ƙirgata, ita kuma Malamina.

Magana ta kai ga Malam Rabo kafin kaka.

"Mi kike so in ce ma mutane?" ya tambaye ta a zaure. "Surukina na wasa da itace cikin kasuwa awa yaro? In kira shi, ya ƙi waiwayowa? Sannan a cika man gida da jikoki bebaye? Ga Abdulmajid nan ya dawo daga Abijan da sabon moto, sau biyu ubanai na aiko man."

"Baba, ai ba da shi anka haihe shi ba."

"Na gama magana."

Ran kasuwa mai zuwa ta rako mahaifinta sayen ƙota. Mutane sun yi da'ira, Zakariya'u na tsakiya da kulakensa. Sai ga Abdulmajid ya turo moton, sabon babur ɗin nan nasa, har bayan dugadugansa, ya danna oda ya riƙe. Zakariya'u bai ji ba, ya ci gaba da wasa, kasuwa ta fashe da dariya. Da abin bai ishi Abdulmajid ba, ya miƙa hannu ya fizgi rigarsa ta baya. Kulki ya sauko masa a gira, jini ya wanke masa fuska.

Bai dubi wanda ya ja shi ba. Cikin taron ya bi da ido har ya same ta. Ita ma ta gan shi. Mahaifinta na gefenta, matan unguwa na bayanta. Ta ja mayafi, ta dubi ƙasa.

Saƙo ɗaya ya aiko da yamma. "Na nemi ƙirgata ban samu ba. Kulaken na wajen Inna, naki ne. Allah ya ba ki mai ji."

Washegari ya hau motar Agadas, ya bi samarin da ke tafiya haƙar zinari. Ta rubuta masa saƙo ya fi arba'in. "Malamina, tsoro ne, ba ƙi ba ne." "Malamina, yau na kai jifa ɗari." Ba a buɗe ko ɗaya ba.

Abdulmajid ya zo zance sau uku, sau uku tana fitowa da kulake a hannu, ta gaishe shi, ta tsaya tana jifa har ya gaji ya tafi. Kullum bayan la'asar tana bayan rumbu tana yi, Malam Rabo na jin ƙarar faɗuwar ice. Tun yana faɗa har ya yi shiru, domin ƙarar ma ta daina, kulki ya bar kuɓuce mata.

Shekara biyu aka yi. Ciwon ƙirji ya kwantar da Cima, aka aika wa ɗanta, ya dawo. Juwairiyya ta same shi zaune a ƙofar ɗakin uwarsa, ya ɓoye hannun hagu cikin riga. Ta tsaya har ya fito da shi. Dutse ya faɗo masa a rami, yatsu uku sun tafi. Ta ajiye kulaken a gabansa, ya ture su da ƙafa. Ta fita bayan gida ta yi kukan da ba ta yi ba ran kasuwa.

Da Malam Rabo ya zo dubiya, Cima ta sa aka tashe ta zaune.

"Malam, wa ya ɗauki yaron ga a amalanke zuwa gidan likita a garin Buza shekarar sanƙarau?"

Ya ce, "Ni ne."

"Mi yac ce maka bisa hanya?"

"Cewa ya yi, Baba Rabo, a kora jakin da sauri, gobe muna da jarabawa."

"Ashe ka taɓa jin muryatai. To bebayen jikoki daga ina?"

Zakariya'u na zaune bakin ƙofa. Juwairiyya ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ka gahwarce ni. Ran nan cikin kasuwa ni da kai munka dubi ƙasa. Ga abin da ya biyo baya nan cikin rigatai."

Ta tashi, ta ɗauki kulaken, ta ja da baya taki huɗu, ta tsaya gaban Zakariya'u. Ta kafe shi da ido. Ya daɗe kafin ya miƙe. Ta ɗaga gira, ta jefa wa hannunsa na dama. Ya cafe, ya maido. Hannunta biyu, nasa ɗaya, kulake uku suna zagaye tsakaninsu, kuma ko ƙiftawa ba ta yi ba, duk da hawayen da ke bin kuncinta. Cima na ƙirgawa a hankali har numfashinta ya gaza a sittin da wani abu.

Malam Rabo ya matsa inda Zakariya'u zai ga bakinsa, ya yi maganar a hankali. "Ka turo magabatanka."

An sa rana bayan ƙaramar Salla. Cima ba ta kai ba, ta rasu saura kwana tara. Lallen da ta daka da hannunta ta ajiye wa amarya, shi aka ƙunsa wa Juwairiyya. Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Rabo, aka shafa fatiha, aka roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ango bai ji amin ɗin jama'a ba, amma ya ga tafukan hannu sun tashi gaba ɗaya.

Da aka kai ta ɗaki, kafin ta buɗe mayafi, wayarta ta yi motsi. "Ƙirgata, na buɗe saƙonninki duka. Na yafe tun na farko."

Ta rubuta: "Ni ban gama yafe wa kaina ba, Malamina. Inna ta so ta ga yau."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya jiƙan Cima. Amma kai mai karatu, kada ka shafa amin ka ninke takarda. Yatsu uku ba za su tsiro ba, kuma hannun Abdulmajid kaɗai bai isa ya cire su ba, sai da kasuwa guda ta dubi ƙasa. A unguwarku akwai wanda sanƙarau ya toshe wa kunne, ka san gidansu, ka san sunan ubansa. Tashi ka je yau. Ka tsaya inda zai ga bakinka, ka dube shi cikin ido ka gaishe shi. In ɗan makaranta ne, ka kama hannunsa gobe da safe ka kai shi gaban darakta, shugaban makarantar, kuma kada ka fito sai an ba shi benci na gaba.