Tafintan Baffa Lawal

"Inna, ki sake faɗa... me Baffa ya ce?"

Ina tsaye a kicin ɗin gidan da muke haya a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira, waya a kunne, shayi yana tafasa yana zuba kan murhu, amma na kasa motsi.

"Ya ce a bar maganar Harun, Ummul-Khairi. Wai an yi bincike, kakan babansa bawa ne, a gonar wani attajiri ya yi ƙuruciyarsa."

"To sai me, Inna?"

"Ni kike tambaya? Tunda Babanku ya rasu, Baffanki Lawal ne waliyyinki. Hoton yaron ma na tura masa, ya rantse ko buɗewa ba zai yi ba."

Wai bincike! Babu wanda ya binciki komai. Harun da bakinsa ya ba da labarin kakansa a wata walimar ɗalibai, kansa a ɗage. Balki ce, wata ɗaliba 'yar'uwarmu, wadda ta shekara tana aika masa dambun nama yana raba wa abokan ɗakinsa, ta kwashe zancen ta tura wa matar Baffa a Kano. Da ta ga dambu bai yi aiki ba, sai ta koma gulma.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa, shekara uku ina rubuta digirina na biyu a kan yaƙin basasar Amurka. Jihohin Kudu goma sha ɗaya suka ɓalle don kada a taɓa musu bayinsu, aka yi shekara huɗu ana zubar da jini. Na san yadda yaƙin ya tsayar da audugar Amurka, har Turawa suka juyo Masar suna rububin tata. Na san komai a takarda, ashe maganar tana zaune a tsakar gidanmu.

Da la'asar muka haɗu da Harun a shagon ruwan rake da ke bakin titinmu. Tun kafin in zauna hawaye suka riga ni.

"Subhanallah... Ummuna, wa ya taɓa min ke?"

Na faɗa masa duka. Ya ture kofinsa gefe.

"Ustazina, da ka yi shiru a walimar nan..."

"A'a, habibti. Sunansa Barka. An kamo shi yana yaro, ya yi noma har ya fanshi kansa, ya sauke Alƙur'ani da furfura a gemunsa. Mutumin nan zan ɓoye?"

"Ni fa? In na rasa ka fa?"

"Ma'alish, yi haƙuri. Ki gama karatunki lafiya, ni ina nan. Ko shekara nawa Baffa zai ɗauka, a nan zai same ni."

Haushinsa na ji, wallahi, kuma a lokacin ne na ƙara sonsa.

Wata biyu bayan haka Baffa ya zo Alƙahira ganin likitan gwiwa, zuwansa ya dace da ranar munaƙashata. A Masar ba a ɗaki ake kare digiri a ɓoye ba. Zaure ake buɗewa, malamai uku su zauna a sama cikin alkyabba, dangi da abokai su cika kujeru da furanni da kwalayen cakulan, a yi ta yi maka tambayoyi a gaban kowa. Na roƙi Harun kada ya zo.

"Tamam," ya ce, "zan zauna can baya, ko tari ba zan yi ba."

Na manta abu ɗaya. Larabcin Baffa bai wuce na sallah ba.

Ina fara jawabi na hango shi a layin gaba yana waige-waige, kamar wanda aka saukar a tashar da bai sani ba. Can ya miƙe da sandarsa, ya taka har baya, ya kamo hannun rigar wani mai hular Hausa ya jawo shi kusa da kujerarsa.

Harun!

Takardata ta kusa faɗuwa. Daga gefe na ga Balki ta dafe ƙirji, ita da ta zo kallo.

Abin da ya gudana tsakaninsu, daga baya Harun ya ba ni labari.

"Baffa, kafin in fara, ya kamata ku san ni ne..."

"Kai, yaro, gaisuwa sai an tashi. Me take cewa? 'Yata ce fa!"

Haka ya zama tafinta. Ina magana a sama, shi yana zuba wa Baffa Hausa a kunne. Da na ce mutum kusan miliyan huɗu ne ke cikin bauta lokacin da yaƙin ya ɓarke, Baffa ya ce innalillahi. Da na ce fiye da dubu ɗari shida suka mutu, ya cire hula ya fifita kansa. Har yana zungurar Harun da gwiwar hannu wai ya daina tsallake zance.

Sai Duktur Isam, wanda duk ɗalibai ke tsoron tambayarsa, ya sauke tabarau.

"Kin cika mu da alƙaluma da auduga. Su bayin da aka 'yanta, me suka fara yi?"

Na kalli layin gaba, na ga kawunan biyu a haɗe.

"Neman juna suka fara, Duktur. A zamanin bauta doka ba ta san aurensu ba, ana iya sayar da miji gabas, mata yamma. Da yaƙi ya ƙare, wasu suka yi tafiyar makonni a ƙasa suna cigiyar matansu. Tsofaffi masu jikoki suka yi layi don a rubuta musu aure..."

Muryata ta karye. Ban yi niyya ba, Allah ya sani.

Sai ga muryar Baffa ta cika zauren, da Hausa tsantsa.

"Allah ya isa! Mutum da matarsa a raba su don an ce bawa ne? Allah ya isa!"

Larabawa suka juyo, Duktur Isam ya yi murmushi duk da bai ji ko kalma ɗaya ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai, ina dariya ina share hawaye.

Da aka sanar da sakamako, imtiyaz, mafi girman daraja, ƙawayena suka rangaɗa guɗa. Ina saukowa Baffa ya tare ni, hannun Harun a cikin nasa.

"Ummul-Khairi, kin fita kunyarmu! Kin ga yaron nan? Awa biyu yana min fassara bai gaji ba. Ga ladabi, ga ilimi. Irin wannan nake miki fata, ba wancan ba." Ya juya gare shi. "Ɗan gidan waye kai?"

Na rufe ido.

"Sunana Harun, Baffa. Tattaɓa-kunnen Barka."



Harun ya so ya zare hannunsa a hankali, Baffa ya ƙi saki. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kalle ni, ya kalli sandarsa.

"Yaro, ɗazu da na ɗaga murya, me na ce?"

"Kun ce Allah ya isa, Baffa."

"Ga wa?"

"Ga wanda ya raba mutum da matarsa don an ce bawa ne."

"Kai ka fassara min daidai kuwa?"

"Wannan ba fassara ba ce, Baffa. Ku kuka faɗa."

Baffa ya ja dogon numfashi, ya gyara hularsa.

"To ni dai ba zan ja wa kaina Allah ya isa da bakina ba, ga tsufa ga ciwon gwiwa. Ka ce manyanka su same ni a Kano bayan Sallah."

"Baffa!" Na durƙusa a wurin, alkyabbata tana sharar ƙasa, ina kuka ba kunya.

"Tashi, tashi, kada Larabawa su ce dukanki na yi." Ya waiga, idonsa ya faɗa kan Balki. "Ke 'yan mata, zo ki ɗauke mu hoto."

Haka ta karɓi wayar, ta ɗauka har sau uku don Baffa ya ce na farko bai fito ba. Ni kuwa cakulan har guda biyu na ba ta.

Nan take ya tura wa Inna hoton, ya haɗa da saƙon murya wai ya samo wa 'yarta miji da kansa. Amsarta ba ta ɗau minti ɗaya ba.

"Yaya, ai fuskar nan wata biyu ke nan tana cikin wayarka."

Yau shekararmu biyu da aure, muna zaune a Hadayek el-Maadi, ina digiri na uku. Ɗanmu sunan Baffa ya ci, Lawal. Amma duk Juma'a in ya kira waya, ko gaisuwata ba ya bari in gama.

"Khalas, Ummul-Khairi, na ji. Miƙo min takwarana, Barka."