Wanda Zai Ƙwace Matar Kaka

"Kakanki ba ya so na, Saffana. Ki daina ɓoye mini."

Saffana ta tsaya cak a tsakiyar gadar masu ƙafa ta titin Huanshi Lu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ledar ayabar da ta sayo wa Kaka tana lilo a hannunta. Ta ɗago ta dubi Ismaël, sai ta ga idanunsa sun yi ja kamar wanda bai rintsa ba.

"Haba rabin raina... wa ya faɗa maka haka?"

"Sai an faɗa mini? Sau uku ina zuwa gaishe shi. Na cire takalmi tun daga ƙofa, na durƙusa, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Mi ya ce mini? Wai me na zo nema wurin matarsa! Na ce Allah ya huci zuciyarsa, ya juya mini baya."

"Ai wasa ne irin na kaka da jika..."

"In wasa ne, don mi bai taɓa yin dariya ba?"

Ita ma tambayar da ke cin ranta ke nan.

Ismaël ɗan Maraɗi ne, yana sayen jakunkunan mata yana aikawa gida. Wata takwas ke nan da suka haɗu a wani shago a titin Liuhua Lu, yana ta fama da mai shago da hannu da ka, ita kuma ta tsaya ta yi masa tafinta. Daga tafinta aka koma gaisuwa, daga gaisuwa zuciya ta yi abin da ta saba. Abbanta, Alhaji Zayyad, ya yi bincike ya gamsu, amma ya ce magana ɗaya: "Saffana ta Baba ce. In ya ba ka, na ba ka."

"Kawu Illa ranar Asabar zai koma Yamai," in ji Ismaël, muryarsa ta yi ƙasa. "Shi kaɗai ne babbana a nan. In ya tafi ba a nemi aurenki ba, sai baɗi. Ni kuwa wallahi ba ni iya shekara..."

"Ka ba ni zuwa Juma'a," ta ce, hawaye na taruwa mata. "Don Allah, masoyina. Zuwa Juma'a kawai."

Kaka, wato Alhaji Babayo, baduku ne tun yana ɗan shekara tara a Kano. Da matarsa Hajiya Saude ta rasu shekara shida da suka wuce, ɗansa ya ɗauko shi ya dawo da shi Guangzhou, wai don kada kaɗaici ya kashe shi. Mutane suka ce tsohon ba zai yi wata uku ba zai nemi gida. Sai ga shi ya zauna daram.

Rayuwarsa a tsare take kamar ɗinkinsa. Bayan asuba ya yi lazimi har rana ta fito. Ya sha shayin Sin babu sukari, yana yamutsa fuska yana cewa ruwan ganye ne kawai, amma bai taɓa barin ko ɗigo ba. Ƙarfe bakwai ya riƙe hannun Amira, ƙanwar Saffana 'yar shekara shida, ya raka ta bakin motar makaranta suna faɗa a hanya, ita tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe, shi yana cewa ya sake ta saki uku tunda ba ta iya dama fura ba. Daga nan Saffana ta kai shi lambun unguwa, inda tsofaffin 'yan Sin ke motsa jiki a hankali kamar masu iyo a iska. Ya zauna a bencinsa, su ɗaga masa hannu suna "Yeye! Yeye!", wato kaka, shi kuma ya amsa da "Nihau" ɗinsa guda ɗaya tilo. Duk abin da ya wuce wannan, Saffana ce bakinsa, ita ce kunnensa.

Shi ya sa abin ke mata nauyi. In ta auri Ismaël, Maraɗi za ta tare. Wa zai faɗa wa likita inda ke yi wa Kaka ciwo? Wa zai gaya masa abin da wani tsoho a lambu ya ce har kowa ya yi dariya? A ranta ta riga ta yanke cewa Kaka ba ya son rabuwa da ita ne, shi ya sa yake ɗaure wa Ismaël fuska. Kuma in har haka ne... ta san ba za ta iya tsallake shi ta tafi ba, ko da zuciyarta za ta tsage biyu.

Ranar Talata, kamar kowace Talata, mota ta ɗauke su zuwa Shiling, garin masana'antun fata, duba samfurin jakunkunan da Abba zai yi oda. Wannan ita ce ranar Kaka. Yakan sa babbar riga, ya fesa turare, ya zauna a gaba.

Mai masana'antar ya tarbe su da fara'a ya jero jakunkuna a kan tebur. Kaka bai dubi ƙyallinsu ba. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya lashi babban yatsa ya murza gefenta, sannan ya zura hannu ya juyo cikinta waje gaba ɗaya.

Mutumin ya yi wata magana da sauri. Tun kafin Saffana ta buɗe baki Kaka ya yamutsa fuska.

"Maigida, ya ce wai fatar saniya ce zalla," in ji Saffana.

"Ki ce masa saniyar nan roba ta ci ta girma. Lawban! Meyo, meyo!" Kalmomin kasuwa ne da ko baƙo ke tsinta, wato "Mai kaya! Babu, babu!" Ya tura jakar gefe. Mai masana'antar ya fashe da dariya ya ɗaga masa babban yatsa, ya shiga ciki ya fito da ta gaskiyar.

A hanyar dawowa Saffana ta jingina goshinta a jikin gilashi. Kaka ya waiwayo.

"Uwargida, yau ba a yi da ni? Ko cefanen ne bai isa ba?"

"Kaka..." Da ya ji ta kira shi haka, ba Maigida ba, sai ya gyara zama. "Kaka, in ba ka son na tafi, ka faɗa mini kawai. Wallahi zan haƙura da shi. Ba zan bar ka ba."

Hawayen suka zubo. Tsohon ya daɗe yana dubanta.

"Ke yanzu abin da kika ɗauka ke nan?"

"To me ya yi maka? Yana girmama ka kamar..."

"Kamar suruki! Ni surukinsa ne? Ubanki ne surukinsa, can ya kai kunyarsa. Ni kakan yarinya ne, abokin takararsa!" Ya buga hannu a cinya. "Kin ga abin da na yi wa jakar can? Ba a sanin ɗinki sai an juya ciki. Sau uku ina juya yaron nan, ya ƙi juyuwa. Na tsokane shi, ya ce Allah ya huci zuciyata. Na ce matata ce, ya ce na yi haƙuri. Haƙuri! Lokacin da na je neman kakarki, kakanta ya ce mini ɓarawo, na ce masa ai kayan da aka bari a hannun tsoho na mai rabo ne. Ya bi ni da sanda har zaure, muka yi abota har ya koma ga Allah."

Ya sauke murya. "Ba na son na ba da ke ga mutumin da ban taɓa jin dariyarsa ba, Saffana. Gidan da ba a wasa, da me za ki jure ranar da babu daɗi?"

Ta share ido, dariya da kuka suka haɗe mata. Ai ko motar ba ta gama tsayawa ba ta kira Ismaël.

"Ka rama," ta ce.

"In rama mi?"

"In ya tsokane ka, ka tsokane shi. Ka ce masa tsoho. Ka ce za ka ƙwace ni."

"Subhanallahi! Mutum mai shekara saba'in da takwas? Saffana, kina son a ce ba ni da tarbiyya?"

"Kai ba ka taɓa wasa da kakanka ba?"

"Ban tashi na tarar da ko ɗaya ba," ya ce a hankali. "Duk huɗun sun rasu kafin a haife ni. Hannun Kawu Illa na girma, shi ko gabansa ko tari ba a yi. Ina ganin yara na yi da kakanninsu, amma ni... ban san yadda ake farawa ba."

Wata takwas, ba ta taɓa tambayarsa ba.

"To ga kaka Allah ya ba ka, hasken idona," ta ce. "Ka zo ka karɓa."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo, cikin farar shadda, da ƙullin goro a hannu, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin falon. Saffana ta laɓe a bakin kicin ita da Amira. Kaka na kan dardumarsa, ya miƙe ƙafa, fuskar nan a murtuke.

"Af! Ɓarawon mata ya dawo. Yau kuma me ka zo nema wurin matata?"

Ismaël ya fara durƙusawa. Saffana ta rintse ido. Sai ta ji ya yi gyaran murya.

"Na... na zo tafiya da ita ne, tsoho."

Amira ta toshe baki da hannu biyu.

"Me ka ce?"

"Na ce..." Ya ɗago kai a karon farko ya dubi Kaka ido cikin ido. "Na ce ta gaji da mai furfura. Ita ta faɗa mini. Wai ko goro sai an daka maka."

"Ni? Ni ake daka wa goro?" Kaka ya fizgi ƙullin ya ɓare ɗaya, ya gartsa ƙaras. "Ka ji wannan? Kai ɗan Maraɗi, da wane ƙarfin za ka riƙe ta? Dube ka kamar sillen kara!"

"Sillen kara dai shi ke riƙe danga, tsoho."

"Ka iya noma?"

"A'a."

"Ka iya ɗinki?"

"A'a. Amma na iya zaɓe, tunda na zaɓi taka."

Kaka ya ƙura masa ido. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda Saffana ba ta ji ba tun rasuwar Hajiya, har da tari, har da share ido da hannun riga. Ismaël ya yi sororo, sannan shi ma ya saki tasa, wata dariya mai faɗi kamar ta yaro.

"Yawwa!" in ji Kaka yana nuna shi. "Ga ta nan! Ita nake nema. Matso nan kusa, ja'iri. Ka gaya wa kawunka ya zo bayan la'asar, ya same ni da ubanta."

Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo wata ƙaramar jaka ta jar fata, ɗinkin hannu, ya ƙwala kira: "Uwargida! Fito, na san kina nan."

Ta fito kanta a ƙasa. Ya miƙa mata.

"Ranar da ya fara zuwa na sa mata basilla. Juya cikin."

Ta juya. An shafe cikin da wani yanki na atamfa shuɗiya mai zanen ganye. Ta gane ta nan take. Zanen Hajiya ne, wanda take ɗaurawa ranar Juma'a.

"Tun ranar farko?" ta ce da ƙyar. "Kaka... ashe ka riga ka..."

"Na riga na ga fatar mai kyau ce. Ɗinkin nake son gani."

Ta zube a gabansa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. "To wa zai riƙa yi maka tafinta? Wa zai kai ka Shiling? Wa zai..."

Kaka ya shafa kanta. Ya juya wajen Amira ya yi mata wata doguwar magana da yaren Sin, a karkace, da karin harshen Kano, amma sarai: ta je ta kawo shayi, kofi uku, kada ta sa sukari.

Amira ta zaro ido. Saffana ta ɗago a firgice.

"Kaka! Kana ji?"

"Shekara shida ina zama da tsofaffin lambu, kin ɗauka gunki ne ni? Rabin abin da suke faɗa ina ji, sauran rabin ma ba shi da amfani."

"To me ya sa kullum sai ka ce na raka ka?"

Ya shiga murza goron da ke hannunsa, idanunsa sun yi rau-rau.

"Miji ai ba ya fita ba matarsa," ya ce. Sai ya harari Ismaël. "Kai kuma ka ji da kyau. Aro na ba ka. Duk shekara ka kawo mini ita, in ba haka ba na biyo jirgi na ƙwace abata."

Ismaël ya share nasa idon ya matso har gwiwarsa ta taɓa dardumar.

"Sai dai mu zo tare, Kaka," ya ce. "Ni ma yanzu ina da wanda zan zo gani."