Baƙin Buzun Dutsen Sulɓi

Jikana Umair ne ya fara ba ni labarin nan da bakinsa, ranar da Intisar, uwar abokinsa, ta shigo gidana da buhu a ka. Kafin nan abin da na sani shi ne abin da duk Mai Wurno, garinmu na Hausawa a Sudan, ta sani, wato abin da ake nuna wa juna a waya ana dariya. Zan faɗa yadda ya faɗa mini. Inda na ƙara nawa, za ku gane.

Umair ɗan ɗiyata Sabah ne, Allah ya ji ƙanta. Shan inna ya taɓa ƙafarsa ta hagu tun yana rarrafe, da sanda yake tafiya, irin ta ƙarfe mai shiga hammata. Ni na rene shi. Yaro ne mai son mutane fiye da yadda mutane suke son sa, kuma na sha gaya masa haka.

A sanyin da ya gabaci yaƙin nan, abokansa biyu, Ahmed ɗan Intisar da Sharfuddeen, suka shirya fita shan iska zuwa wani ɗan ƙauye yamma da Sennar. Akwai dutse a wurin, mutanenmu suna ce masa Dutsen Sulɓi. Gefensa ɗaya sumul yake kamar bayan ƙwarya, tun daga bisa har ƙasa inda rairayi ya taru. Samari kan hau ta hanyar awaki da ke baya, su zauna kan buzu, su sulalo. Da zafi ba a yi, dutsen sai ya gasa mutum. Sai sanyi ya shigo ƙauyen ke cika da baƙi.

"Iya, sun ce in zo," in ji Umair.

"Sun ce ka zo, ko sun ce ka zo ka dafa musu shayi?"

"Duka biyu." Yana dariya.

Na ƙunsa masa kisra, gurasarmu ta dawa, da riɗi, na ba shi rigar sanyin kakansa. Ban so ba, amma saurayi ne, ba a ɗaure saurayi da zane.

Sun sauka a gidan wata tsohuwa, Hindu, wadda ke ba baƙi rumfa da buzaye. Ta miƙa wa kowa nasa. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani daban, baƙi wuluk, gashinsa ya kwanta yana ƙyalli.

"Wannan ba naku ba ne," ta ce. "Ku hau da shi, ku shimfiɗa a bisa, ku danne da dutse. In rana ta yi ja, ku sauko ku bar shi can. Masu wurin ma suna da yara."

"Su wa, Hajja?" in ji Ahmed.

"Da safe a gindin dutse nake tsintarsa. Ni dai ban taɓa tambayar wa ya sauko da shi ba."

Ahmed ya ƙifta wa Sharfuddeen ido. Suka hau.

Umair ya ce hawan ya ba shi wuya ƙwarai. Sau ɗaya kawai ya yi niyyar sulalowa, a ƙarshe, don ya san ba zai iya sake hawa ba. Sai ya zauna a bisa ya hura gawayi a wani lungu, yana dafa musu shayi, suna sauka suna dawowa. Ya ce ya ji daɗin yinin nan. Iska mai sanyi, gonaki shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ga abokai suna kiran sunansa. Wannan maganar ta fi komai ci mini rai.

Bayan la'asar sauran baƙi suka fara raguwa. Ahmed ya ture dutsen da ya danne baƙin buzun, ya shafa shi.

"Ya zol, mutumina, dubi wannan. Shi ya sa tsohuwar ta hana. Ya fi duka santsi."

"Ahmed, ta ce a bar shi," in ji Umair.

"Malam ya yi magana. Sharfu, ka ji fatawa?"

Ya gwada sau ɗaya, ya dawo yana haki, ya ce kamar tsuntsu. Rana ta fara ja. Dutsen ya zama babu kowa sai su uku. Umair ya kashe wuta, ya jawo buzunsa zai zauna, sai Ahmed ya fizge shi. Sharfuddeen kuma ya ɗauki sandar ya sa tsakanin ƙafafunsa kamar mai hawan jaki.

"Ku bari mana."

"Muna so mu ga yadda kake sauka. Da ciki ko da gindi?"

"Ahmed, don Allah. Magariba ta yi."

"To ka yi sauri."

Suka sulale. Ahmed kan baƙin, da buzun Umair a rungume. Sharfuddeen da sandar. Da suka isa ƙasa suka juyo da waya suna ɗaukarsa. Abin da gari ya gani ke nan daga baya: ɗan mutum can bisa, tsaye da ƙafa ɗaya, yana kira, "Ku ba ni sandata." Da dariyar mutum biyu kusa da waya. A nan hoton ya ƙare.

Sauran, babu wayar da ta ɗauka.

Umair ya duba hanyar awaki. Duwatsu ne a jere da ramuka, ba ta saukowa da gurgu in ba sanda. Ya duba santsin. In ya bi shi ba buzu, fatarsa za ta rage a jikin dutsen. Sai ya zauna. Ya ce a ransa za su gaji su dawo.

Iska ta tsaya cak.

Ya ce sanyin da ya biyo baya ba daga sama ya zo ba. Daga cikin dutsen ya fito, ya shiga ta cinyoyinsa.

Sai wari. Nono mai tsami, da gashin akuya da aka babbake.

Daga bayansa ya ji tafiya. Ƙananan tafin ƙafa a kan dutse, tsap, tsap, tsap, masu yawa, suna gudu suna tsayawa kamar yaran da aka sako daga makarantar allo. Suka je inda buzun yake a da. Ya ji an ture ɗan dutsen dannewar. Ya gangara, ƙwal, ƙwal, har ƙasa.

Shiru.

Ya fara Ayatul Kursiyyu. Leɓensa ya ƙi lanƙwasa.

Bai waiwaya ba. Amma rana tana bayansa, don haka ya ga inuwoyi sun zo sun jeru a gefen tasa. Gajeru, masu manyan kawuna. Ya saci kallo ta gefen ido inda ya kamata masu inuwar su tsaya. Dutse ne kawai.

Wani ya yi raɗa a kunnensa. Numfashin ba ɗumi.

"Ina buzunmu?"

Ya ce Hausa ce tsohuwa, irin wadda kakata ke yi, wadda aka zo da ita daga Sakkwato.

Ya tuɓe rigar kakansa ya shimfiɗa. Aka ja ta zuwa bakin santsin. Ya ji ta tana gurzar dutse, ta tsaya. Ya ji ta yage.

"Ba ta tahiya."

Sai yatsu. Ta ƙarƙashin rigarsa, a gadon baya. Ƙanana, masu sanyi, suna tsungulin fata suna ja suna saki, yadda mace ke taya kilago a kasuwa.

"Wanga na da taushi."

Dariya ta zagaye shi, marar sauti, iska ce kawai ta haƙora.

Suka kifar da shi.

Ya ce bai ga hannu ko ɗaya ba, amma ya ji su ko'ina. Suna jan sa ta wuya, ta kunne, ta shanyayyar ƙafar. Haɓarsa na gurzar dutse. Suka kai shi baki, kansa yana kallon ƙasa. Can nesa ya hango hasken waya, ya ji Ahmed yana cewa wani abu, Sharfuddeen na ƙyaƙyatawa.

Gwiwa ta farko ta hau bayansa.

Ta biyu.

Suna ta hawa, suna gyara zama.

"Ba ni na ɗauka ba," ya ce. Da ƙyar muryar ta fita.

Zaman ya tsaya.

"Wa ya ɗauka?"

"Ahmed."

"Ɗan wa?"

'Ya'yana, duk wanda ya tashi cikinmu ya san ba a ba baƙo sunan mutum haɗe da na uwarsa. Da shi ake nemo mutum ko ina ya shiga. Umair ya sani. Ni na koya masa. Na tambaye shi, ka tuna a lokacin? Ya ce, "Na tuna, Iya."

Duk da haka ya ce musu, "Ɗan Intisar."

Nauyin ya ɗaga gaba ɗaya. Amma na ƙarshe, da zai sauka, ya tokare shi da ƙafa.

Ya tafi da ka. Ƙirjinsa na cin dutse. Ya buɗe hannuwa yana yaƙushi, farcensa na karyewa, har yatsunsa suka faɗa wata tsaga. A nan ya maƙale, yana jin ƙananan ƙafafu suna wuce shi ta dama da hagu, suna gangarawa da gudu, tsap tsap tsap, wajen hasken wayar.

Mazan ƙauyen ne suka ciro shi da igiya. Hindu ta turo su da ta ga biyu sun dawo babu na uku. Ta nemi baƙin buzun, Ahmed ya rantse ya bar shi a bisa. Yana cikin jakarsa.

Umair ya dawo gida da ƙirji a saɓule, ya ce mini faɗuwa ya yi. Ya daina fita. Hoton ya zagaya gari. Yara a bakin rijiya suna ɗingishi suna cewa, ku ba ni sandata. A gidan suna na ga mata sun haɗa kai kan waya, Intisar a tsakiyarsu tana share hawayen dariya da gefen mayafi. Da ta gan ni ta ce, "Iya, wasan samari ne."

Ba a jima ba aka fara jin labarin Ahmed.

Da rana lafiyarsa ƙalau. Da zarar rana ta yi ja, duk inda yake sai ya kife. Sai a ga yana tafiya da ciki a tsakar gida, daga wannan bango zuwa wancan, hannuwansa a baya, ba shi ke jan kansa ba. Sai ya tsaya, a juya shi, a sake. Har duhu ya rufe. Maza huɗu sun danne shi, abin ya ja har da su. Haɓarsa ta cinye, ƙirjinsa ba ya samun kwanan warkewa. A bayansa kuma shaidar ƙananan gwiwoyi, baƙaƙe, a jere. Likita a Sennar ya ce farfaɗiya. Malamai sun yi karatu har muryarsu ta dushe.

Ranar da nake ba ku labari, ina hura gawayin jabana, tukunyar gahawarmu, gab da magariba, sai ga Intisar. Ta rame, mayafinta a karkace. Ta sauke buhu a gabana, warin nono mai tsami ya cika rumfar. Baƙin buzun ne a ciki.

"Iya, na je wurin tsohuwar. Ta ƙi karɓa."

"To ni mai sayen fata ce?"

"Ta ce masu dutsen ba su karɓa sai daga bakin da ya ba su suna. Ya hau shi kaɗai, da jan rana, ya shimfiɗa musu, ya ce ya janye."

A nan Umair ya fito daga ɗaki ya zauna a ƙasa, ya faɗi duk abin da na gaya muku. Intisar tana ji, ba ta ɗaga kai ba. Da ya gama na tambaye ta.

"In ya janye sunan ɗanki, su koma kan buzu?"

Ta kau da kai.

"Ke nake tambaya. Me Hindu ta ce?"

"Ta ce ba ta sani ba. Ta ce sun riga sun saba da fatar mutum."

Daga can unguwarsu muka ji ihun ya fara. Intisar ta miƙe da gudu, ta bar buhun.

Umair ya daɗe yana kallonsa.

"Iya, ni na faɗi sunan."

"Kai ka ɗauki buzun?"

"A'a."

"To ci tuwonka."

"Motar Sennar tana tashi da hantsi," ya ce. "In na bi ta, zan isa kafin la'asar."

Na san yaron da na rena. Ban yi masa gardama ba. Na shafa masa mai a ƙirji, inda sabuwar fata ta fito ja, na lulluɓe shi.

Da asuba, bayan na yi salla, na shiga ɗakinsa yana barci. Na ɗauki sandar daga jikin gado, na kai ɗakin hatsi na kulle, na ɗaure mabuɗin a bakin zanena. Na cika kwalba da man riɗi mai kyau, na yaga tsohon zanena mai laushi don ɗaurin ciwo, na aza buhun a ka.

Intisar tana shara a ƙofar gida. Rairayin tsakar gidan duk layi-layi ne, kamar an ja buhunan dawa. Na sauke mata kayanta.

"Ga mai, ki shafa masa da ɗumi. Ga tsumma. Sanyi ya kusa fita, wataƙila su huta in dutsen ya yi zafi."

"In sanyin ya dawo fa, Iya? Baɗi?"

"Sai ki sake zuwa, in ba ki wani man."

Ta riƙe mini zane, na zame hannunta.

Ina shiga gida na ji ya tashi. Na ji yana laluben jikin gado, na ji ya sauko ƙasa yana duba ƙarƙashi. Na zauna na jawo murhu.

"Iya," ya kira daga ɗaki, a hankali. "Iya, ba ni sandata."

Na ci gaba da hura wuta.