Shirun Baba

Da magariba abin ya fara. Umma tana kwashe shanya, Baba ya dawo daga shagon ɗinki ya zauna a kujera, barci ya ɗauke shi tun bai cire takalmi ba. Minsharinsa ya cika tsakar gida kamar kullum, sannan ya yanke. Shirun ya yi tsawo. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Baba ya zabura, ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Daga ranar jifa bai ɗauke ba. Dare ya yi, sai duwatsu. A fita da fitila, ba kowa.

Baba mutum ne mai jiki, mai kaurin wuya, ga hawan jinin da ƙwayoyi suka kasa saukarwa. Cikin dare yakan tashi fitsari sau biyar, sau shida. In barci ya ci ƙarfinsa, ba ya kaiwa bayi, sai ya tsuguna bakin magudanar ruwa. Umma ta ce nan ne tushen abin.

"Ka jiƙa wa mutanen ɓoye 'ya'yansu, ko bisimilla babu."

"To su riƙa matsawa mana," in ji Baba. "Ba sa ganin tsoho da mara a cike?"

Babban ɗansa kaɗai ya yi dariya.

A dare na tara autar gidan ta faɗi, idanunta suka juye. Aka ɗauko malam. Ya yi ta karatu a kanta har muryarsa ta dushe, sannan bakin yarinyar ya buɗe da muryar wata tsohuwa.

"Fitsarin ne ya ɓata miki rai?" malam ya tambaya.

"Ina ruwana da fitsarinsa? Shirunsa ne yake hana ni zama."

"Wane shiru?"

"Kuna barci, numfashinsa yana tsayawa. Ina ƙirgawa. In na kai talatin bai dawo ba, sai in yi jifa. Ya farka, ya ɗauka mararsa ce ta tashe shi. Ba ku gane nufin jifan ba, shi ya sa na ari bakin 'yarku."

Umma ta toshe baki da mayafi.

"Jikin yarinya ba wurinki ba ne," malam ya ce. "Fita. Ki bar gidan nan."

"Zan fita. Amma ku kai shi gun likita gobe. In na tafi, ba mai ƙirgawa."

Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

A bakin ƙofa malam ya riƙe hannun babban ɗan. "Aljani ya iya ƙarya. Amma wannan maganar, ka kai babanka gun likita."

Da safe Baba ya ce kayan mutane suna kan keken ɗinki, a bari ya gama zuwa jibi. Ɗan ya ce to. Kalma ɗaya ce, ba ta da nauyi a baki.

Daren nan ba a yi jifa ba. Gidan ya yi barcin da ya daɗe bai samu ba. Da asuba Umma ta farka tana hamdala, ta ce yau ko sau ɗaya Baba bai tashi fitsari ba. Ta kira shi. Ta sake kira. Ta taɓa kafaɗarsa.

Har yau ɗan ba ya iya barci in gida ya yi tsit. Yana da ɗan dutse a ƙarƙashin matashi. In Umma ta yi shiru a ɗakinta, sai ya fara ƙirgawa.