Manhajar da Ke Tace Murya

"Na ce maka tsohuwar za ka buɗe," in ji baƙon.

"Malam, bar min sana'ata."

An daɗe ba wanda ya leƙo situdiyona. Ina zaune ni kaɗai da daddare, ina gwada manhajojin haɗa kiɗa biyu don in zaɓi ɗaya, sai ga shi wai zai yi waƙa. Sabuwar na buɗe, don tana share kowace hayaniya, ta bar muryar ɗan'adam kawai.

Ya rera, ɗakin ya ɗauki sanyi. Na tace, na kunna. Ƙarar fanka ta ɓace. Waƙarsa ma ta ɓace. Tarina kaɗai ya rage.

Ya sunkuyo dab da kunnena, ban ji hucin numfashi ba.

"Ɗan samari, mu sake ɗauka?"